A SHIGAR DA TALAKA CIKIN BINCIKEN GIRGIZAR ƘASA

Jama'a, an daɗe ana gaya mana wai girgizar ƙasa masifar mutanen nesa ce. To, a duba tarihi. A shekarar 1862 ƙasa ta girgiza a Ankara ta ƙasar Gana, ta rushe gine-gine. Ran 22 ga watan Yuni 1939 ta sake yi, fiye da mutum 15 suka rasu. Yau kuwa 'yan'uwanmu Hausawa suna nan dubbai a Nima da Sabon Zango, cikin cunkoso. A nan gida ma ƙasa ta motsa a Kwoi ta Jihar Kaduna cikin Satumba 2016, ta kuma motsa a Mpape kusa da Abuja cikin Satumba 2018, har mutane suka fita daga ɗakunansu a firgice.

Muna da masana, muna kuma da cibiyar auna motsin ƙasa a Toro ta Jihar Bauchi. Madalla da wannan. Amma muna tambayar masu mulki: abin da na'urorin nan ke aunawa, yaushe yake isa kunnen magini da mai unguwa da matar da ke cikin gida? Ilimin da aka rubuta da Turanci aka kulle cikin ofis, ina amfaninsa ga wanda bango zai faɗo wa?

Masana sun yarda cewa babu wanda ya iya faɗin ranar da ƙasa za ta girgiza. Abin da aka sani shi ne, yawancin masu mutuwa gini ne ke danne su, kuma gidan da aka kafa a kan fadama ko ramin da aka cike ya fi jijjiga bisa wanda ke kan dutse. To, wa ya san inda tsohon kududdufi yake kafin a cike shi? Wa ya san bangon da ya tsage bara? Ai sai mutanen unguwa.

Ga misali daga tsibirin Simeulue na ƙasar Indonesiya. A 1907 girgiza ta tayar da teku, ruwa ya cinye mutane da yawa. Waɗanda suka tsira suka sa wa abin suna "smong", suka riƙa koya wa 'ya'ya da jikoki cewa in ƙasa ta girgiza, teku ya ja baya, a gudu kan tudu. Ran 26 ga Disamba 2004 abin ya dawo. Fiye da mutum 200,000 suka halaka a ƙasashen bakin tekun Indiya, amma a tsibirin nan mai mutum wajen 78,000, mutum 7 kaɗai aka rasa. Maganar kakanni ce ta cece su.

Saboda haka ga roƙonmu. Masu bincike su sauko unguwanni, su zauna da magina da malamai da mata da guragu da makafi, su ji abin da suka sani. A fassara sakamakon cikin harsunan mutane, a karanta a rediyo. A koya wa yara a makaranta su durƙusa su kare kai idan ƙasa ta motsa. Dokar gini kuma ta hau kan mai kuɗi kamar yadda take hawa kan talaka.

Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyashe mu, amin.