Zauren Iyali: Kafin a Sayi Na'urar Zuƙe Hayaƙi

A gidajen kakanninmu, madafa tana tsakar gida ko ƙarƙashin rumfa, iska kuwa ita ke kwashe hayaƙi ba tare da an biya ta ba. Yau a Yamai, Maraɗi da Damagaram, gidajen siminti sun shigar da ɗakin girki cikin gini, bango ɗaya da ɗakin kwanan yara. Tun da matatar man fetur ta Damagaram ta soma aiki a 2011, iskar gaz ma ta ƙara shiga gidaje. Wuta ta koma ciki, amma a gidaje da yawa ba a yi wa hayaƙinta hanyar fita ba.

Lamarin ya wuce baƙin bango da ƙaurin soye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a shekarar 2020, akasari saboda girki da itace, gawayi da kananzir. Gaz ya fi waɗannan tsabta nesa ba kusa ba, amma shi ma yana fitar da iskar da ke tsananta asma, sa'an nan tafasasshen mai yana tayar da tururi mai maiƙo. Wanda ya fi shaƙar wannan kuwa ita ce uwargida, da jaririn da ke bayanta.

Saboda haka ne wasu magidanta ke neman na'urar nan da ake kafawa bisa murhu, wadda ƴan kasuwa ke kira hotte da Faransanci. Iri biyu ce. Ta farko tana zuƙe hayaƙi ta tura shi waje ta cikin bututu. Ta biyu ba ta da bututu: tana tace iskar da matatar gawayi, ta mayar da ita cikin ɗaki. Wannan ta biyu tana rage wari da maiƙo, amma zafi da tururi suna nan, haka ma iskar nan mai guba marar wari da wuta ke fitarwa idan ba ta ci da kyau ba. Matatarta kuma sai an sauya ta bayan wata uku zuwa shida, in an same ta a kasuwa ke nan. Duk wanda ke da ikon huda bango, to, ya zaɓi mai bututu. Ƙyallin ƙarfe da gilashi ado ne kawai. Bututun shi ne aikin.

Sai batun ƙarfi. Ana son na'urar ta sauya iskar ɗakin kamar sau goma a sa'a guda. A auna tsawo, faɗi da tsayin ɗakin, a ninka su, sa'an nan a ninka da goma. Ɗaki mai mita 4 da mita 3, tsayinsa mita 3, yana ɗauke da mita cube 36, don haka yana buƙatar wadda ke jan aƙalla 360 a sa'a. Wannan adadi yana rubuce a jikin kwali ko cikin takardarta. A nemi a gani da ido kafin a biya. A kuma sa mai kanti ya kunna ta a ji ƙararta, domin wadda ta cika kunne, ba a kwana biyu za a daina kunna ta.

Faɗinta kada ya gaza na murhu, wato santimita 60 ko 90 a mafi yawan lokuta. Bisa murhun gaz, a bar aƙalla santimita 65 tsakaninsu; in kuma ta yi sama ainun, hayaƙin zai bi gefe ya tsere mata. Bututu ya zama gajere, miƙaƙƙe, kuma kada a matse shi ya gaza bakin na'urar, domin kowace lanƙwasa tana cin ƙarfinta. A bakinsa na waje a sa murfi mai rufe kansa, saboda ƙurar hunturu da ƙadangaru. A kula kuma inda bakin ya fuskanta: wanda ya juye hayaƙinsa cikin tsakar gidan maƙwabci ya gyara ɗakinsa da haƙƙin wani.

Ga gargaɗi biyu. Ba a yi wannan na'ura don murhun itace ko na gawayi ba. Tartsatsi kan kama maiƙon da ya taru a ragarta, gobara ta tashi. Shi ya sa ake wanke ragar da ruwan zafi da sabulu kowane wata. Na biyu, iska ba ta fita sai wata ta shigo, don haka a bar taga ko ƙasan ƙofa a buɗe. Tagar nan ita ce madogara ranar da aka ɗauke wuta.

Wanda aljihunsa bai kai ba, kada ya ci bashi. Ƙaramar fanka mai tura iska waje, a kafa ta a saman bango kusa da murhu, da taga a bangon da ke kallonta, za su yi aiki mai yawa. Gawayi da itace kuwa, wurinsu sarari. Mai shirin gini ya gaya wa magini ya bar ramin bututu tun ana jera bulo, kuma ya yi shawara da wadda za ta tsaya gaban tukunyar, domin ita ta san inda hayaƙi ke taruwa.

Allah ya ba mu lafiya da zaman lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.