Ayilan: ƙarar mutum ɗaya, asarar gari guda

A garin Ballina, a yammacin ƙasar Ayilan da ke Turai, an daɗe ana babban bikin kifi kowace shekara. Baƙi su cika gari, masu abinci su yi ciniki, masu ɗakunan haya su samu nasu. A shekarar 2019 ba a yi bikin ba. Masu shirya shi sun ce tsadar asurans na cikin abubuwan da suka karya su. Ƴan uwa ƴan kasuwa, kun san abin da ake nufi da rasa ranar kasuwa guda, balle mako na biki.

A can, duk wanda zai tara jama'a sai ya biya asurans, don idan wani ya zame ya ji ciwo ya kai ƙara, kamfani ya biya diyya. Ko mai tebur a bakin titi, hukumar gari ba ta ba shi izinin kasa kaya sai ya nuna wannan takarda. Tsarin ba shi da aibu. Kamar adashi ne: kowa ya zuba kaɗan, wanda masifa ta samu ya ɗauka.

Inda aka samu matsala shi ne yawan ɗaukar. A 2018 wani kwamiti ƙarƙashin tsohon babban alƙali Nicholas Kearns ya gano cewa diyyar da ake biya a Ayilan kan targaɗe da ciwon wuya ta ninka ta Ingila fiye da sau huɗu. Ga kuma kuɗin lauyoyi a kai. To kamfani daga ina zai fitar? Daga aljihun sauran masu zubi. Sai mai gidan wasan yara, da ƙungiyar ƙwallo ta unguwa, da masu shirya biki su ga an ƙara musu kuɗi alhali ba wanda ya taɓa faɗuwa a wurinsu. Wasu suka rage aiki, wasu suka rufe.

Abin ya kai ga a 2019 aka ji cewa wata ƴar majalisar dokoki ta kai wani otal na birnin Dablin ƙara don ta faɗo daga lilo. Jama'a suka yi mata ca, ta janye. A ƙarshen wannan shekara kuma wani kamfani da ke yi wa gidajen renon yara asurans ya fice daga harkar, sai da gwamnati ta tallafa wa kowane gida da kimanin yuro 1,500, wato kusan sefa miliyan ɗaya. Mace mai sana'a ta san ma'anar wannan: idan babu inda za a bar yaro, babu fita nema.

A ganina, wanda sakacin wani ya raunata shi, haƙƙinsa ne a biya shi, kuma a biya da wuri. Amma diyya ba caca ba ce. Idan babu mudu ɗaya da kowa ya sani, mai baki da mai lauya su ne ke kwashe tukunya, gari kuma ya rasa dandalinsa.

Mutanen Ayilan sun gane haka. A 2021 alƙalansu suka tsayar da sabon ma'auni na kowane irin rauni, diyya ta ragu da kusan kashi 40 cikin ɗari. A 2023 aka gyara doka: wanda ya shiga haɗari da saninsa da yardarsa, ba zai ɗora wa mai wuri laifi ba. Sai dai ƙungiyar masu shaguna da masu aikin sa kai, Alliance for Insurance Reform, ta ci gaba da kukan cewa ragin bai iso ga masu biya ba. Nan ma akwai gaskiya. Idan an sauke farashin hatsi a Dawanau amma mai awo bai sauke ba, ba manomi ne ke da laifi ba. Kamfanin da ya yi ta kuka da tsadar diyya, dole a tambaye shi ina rarar ta tafi.

Mu ma mun san wannan magani. Yarjejeniyar CIMA ta 1992, wadda Nijar ke ciki, ta tsayar da ma'aunin diyyar haɗarin mota don kada kowane alƙali ya yanke son ransa. Ma'auni shi ke kare mai rauni, shi ke kare sauran masu zubi. Amma ma'auni kaɗai bai isa ba sai da hukuma mai ido a kan kamfanoni, da ƙungiyoyin ƴan kasuwa masu tambaya da murya ɗaya: nawa muka zuba, nawa aka biya, wa ya riƙe sauran? Gemun Ayilan ya riga ya kama wuta. Mu shafa wa namu ruwa.