Laifin Akwati Ne, Ba na Lasifika Ba

Duk wanda ya taɓa zama a wajen biki ko wa'azi ya san irin lasifikar da ke gunji amma ba a tsintar kalma ɗaya daga cikinta. Akan ce jabu aka sayo. Sau da yawa kuwa matsalar tana jikin akwatin da kafinta ya haɗa mata, wanda aka yanka bisa faɗin katakon da ke hannu, ba bisa buƙatar sauti ba.

Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa. Idan ya shiga tsakanin bango biyu masu fuskantar juna, yakan yi ta kai da komo har wani amo guda ya rinjayi sauran, kuma tazarar bangon ce ke zaɓar wannan amo. A tazarar santimita 60, amon da ke kumbura shi ne mai girgiza kusan sau 286 a daƙiƙa, wato cikin zangon muryar ɗan Adam. In tsawo da faɗi da zurfi duk 60 ne, sai kumburin ya taru wuri guda ta fuska uku, magana ta dagule. Amma akwati mai awon 37 da 60 da 97 yana ɗaukar iska kusan daidai da wancan, kimanin lita 215, alhali amonsa ya rarrabu zuwa 464 da 286 da 177, babu wanda ya danne wani.

Yawan iskar ma yana da nasa hukunci. A rufaffen akwati, iskar ciki tana tokare bayan lasifika, kuma gwargwadon ƙanƙantar akwatin, gwargwadon ƙarfin tokarewar. Lasifikar da amonta na asali yake 40 tana iya hawa 80 idan an matse ta, sauti mai kauri ya tsere. Mai ita sai ya yi ta ƙara wuta yana neman abin da akwatin ya hana, har ta ƙone. In kuma akwatin mai huda ne, faɗin hudar da tsawon bututunta su ma suna da amonsu, kamar yadda kwalba ke kuka idan an hura bakinta.

Wannan ba sabon ilimi ba ne. Tun 1961 Neville Thiele ya wallafa lissafinsa a Ostareliya, Richard Small ya faɗaɗa shi a farkon shekarun 1970, kuma kamfanoni da yawa suna buga waɗannan alƙaluma tare da hajarsu.

Za a iya cewa awo yana jawo asarar katako da ƙarin kuɗin aiki. Gaskiya ne, amma guntun katako bai kai farashin lasifikar da ta ƙone ba. Kwamitin masallaci ko mai kayan sauti da zai kashe kuɗi, ya kamata ya fara neman alƙaluman lasifikar ya fitar da awo, sannan kafinta ya ɗauki zarto.