Raddi Ga Masu Cewa Zamanin Daidaita Agogon Sadarwa Ya Wuce

Akwai maganar da ke yawo a bakin wasu matasan injiniyoyi, har ta fara shiga kunnen masu riƙe da lalitar kamfanoni. Wai daidaita agogo tsakanin na'urorin sadarwa matsala ce ta zamanin wayar tarho, tunda yanzu saƙo fakiti-fakiti yake tafiya, kowace na'ura ta yi ta bugawa da nata agogon. Hujjoji uku suke kafawa, kuma babu wadda ta tsaya da ƙafarta.

Sun ce tsohon tsari ne ke buƙatar agogo ɗaya, sabon kuwa ba ruwansa. Rabin wannan gaskiya ne. A layin E1 ana aika firam 8,000 a kowace daƙiƙa, kowane yana ɗaukar maikirosakan 125, wato kashi 125 cikin miliyan na daƙiƙa. Idan agogon mai aikawa ya fi na mai karɓa sauri, ma'ajiyar mai karɓa takan cika, sai a zubar da firam guda. Shi ya sa hukumar ITU, a ƙa'idarta ta G.811, ta ce kada kuskuren babban agogo ya wuce kashi 1 cikin biliyan 100, domin zubewar ta zama sau ɗaya a kwana 70 ko kusa da haka. Ethernet kuwa yana jure kuskuren kashi 100 cikin miliyan, saboda fakiti na iya jiran layi. Har nan mun yarda da su.

To amma a kebul fakitin yake ƙare tafiyarsa? Daga ƙarfen sabis sai ya fita ta iska, ita kuwa iska ba ta da ma'ajiyar jira. Tun zamanin GSM an wajabta wa kowane ƙarfe kada saurin bugun agogonsa ya kauce da fiye da kashi 50 cikin biliyan. Da 5G ta zo, sharaɗin ma ƙara tsanani ya yi. Zangon gigahaz 3.5 da hukumar NCC ta yi gwanjonsa a Disambar 2021, wanda MTN da Mafab suka saya kowanne a kan dala miliyan 273.6, aikawa da karɓa a cikinsa a mita ɗaya ake yi, bi da bi. Tamkar lugude ne: bai wadatar ba a ce mata biyu saurin dakansu ɗaya, dole kowace ta san lokacin da za ta sauke taɓaryarta, in ba haka ba su gwabza. Ƙarfen da ya yi aike a lokacin da maƙwabcinsa ke sauraro ya toshe masa kunne, ko da maƙwabcin na wani kamfani ne da ke zangon da ke kusa. Iyakar kaucewar lokaci da aka yarda da ita ita ce maikirosakan 1.5. Mai karatu ya yi lissafin da kansa: agogon da ke bakin iyakar GSM, wanda a da ba shi da laifi, cikin daƙiƙa 30 zai cinye wannan ratar.

Sai suka ce ai NTP ya isa. Wannan tsari da David Mills ya ƙirƙira a shekarun 1980 aiki ne nagari, da shi kwamfutocin duniya ke sanin ƙarfe nawa. Sai dai a kan intanet da milisakan ake auna kuskurensa, mu kuma maganar maikirosakan muke yi, ratar ninki dubu ce. Abin da aka tanada domin wannan aiki shi ne PTP na ƙa'idar IEEE 1588, wadda ta fito a 2002 aka sabunta ta a 2008. Shi ma ba a barin sa kara zube, domin lissafinsa ya ginu ne a kan cewa hanyar zuwa da ta dawowa tsawonsu ɗaya. Haske na cin kusan maikirosakan 5 a kowace kilomita ta faiba. Idan faiba ta tsinke, masu gyara suka yi ƙari har zaren zuwa ya fi na dawowa da mita 600, kuskuren ya kai maikirosakan 1.5 ba tare da wata fitila ta yi ja ba.

Hujjarsu ta uku ta fi ƙarfi, shi ya sa ta fi haɗari: a ɗora na'urar GPS a kan kowane ƙarfe, magana ta ƙare. Babu mai musun ingancin agogon atam da ke cikin taurarin nan. Amma ran 26 ga Janairun 2016, lokacin da rundunar sojin saman Amurka ke sallamar wani tsohon tauraro daga aiki, wasu taurarin suka shiga watsa lokaci mai kuskuren maikirosakan 13, har rediyon dijital na BBC a Birtaniya ya samu tangarɗa. A Afrilun 2019, da ƙidayar makonnin GPS ta cika 1,024 ta koma sifiri, hanyar sadarwar gwamnatin birnin New York ta tsaya kusan kwana 10. A Yulin 2019 ɗin, Galileo, takwaran GPS na Turai, ya yi kusan mako guda ba ya aiki. Ban da wannan, siginar na isowa ƙasa da rauni ƙwarai, ƙaramar na'urar toshewa ta isa ta danne ta, ga kuma tsawar damina da ke ƙona eriya.

Abin da ya dace shi ne a haɗa su: GPS daga sama, PTP da SyncE (mai daidaita saurin bugun agogo ta Ethernet) ta faiba, da agogon rubidiyam a manyan cibiyoyi wanda zai riƙe lokaci idan sama ta yi shiru. Ina kira ga injiniyoyinmu, duk faibar da aka gyara a sake auna bambancin zuwa da dawowa kafin a rufe ramin, kuma kada su sa hannu a kasafin da aka cire kuɗin agogo daga cikinsa.