Mai gadin kotu, yaron wa ne?

Duk lokacin da na ce a rubuta doka ta musamman kan tsaron gidajen shari'a, sai wani ya ce min ai kaki kaki ne, in dai akwai mai bindiga a ƙofa magana ta ƙare. Ban yarda ba. Abin tambaya shi ne: wa ke ba mai bindigar umarni, wa kuma zai hukunta shi in ya yi sakaci?

Mu duba Amurka. Kotunan tarayyarsu suna da jami'an Mashal da aka kafa tun 1789. Amma a yawancin jihohi, doka ta ɗora tsaron kotunan gunduma a kan sherif, wato shugaban 'yan sandan gunduma, wanda jama'a ke zaɓa da ƙuri'a. Alƙali ba ya ɗaukar yaran sherif aiki, ba ya korar su.

Ranar 11 ga Maris 2005, a kotun gundumar Fulton da ke Atlanta, aka bar jami'a ɗaya tilo da Brian Nichols, ƙaton da ake tuhuma da fyaɗe, aka cire masa ankwa don ya canja kaya. Ya fi ƙarfinta, ya mallaki bindigarta, ya harbe alƙali Rowland Barnes a zauren shari'a. Mutum 4 ya kashe a ranar. Abin takaici, kwanaki kaɗan kafin nan an sami ƙarafa masu kaifi a takalmansa, alƙalin kuma ya nemi a ƙara tsaro. Roƙo ya yi, don ba shi da ikon tilastawa.

A Satumbar 2024 kuma, a gundumar Letcher ta jihar Kentaki, an harbe alƙali Kevin Mullins cikin ofishinsa, wanda aka gurfanar da laifin kisan kuwa shi ne sherif ɗin gundumar da kansa.

Kada mu ce abin nasu ne can. Ranar 6 ga Disamba 2019, jami'an DSS sun kutsa Babbar Kotun Tarayya ta Abuja don sake kama Omoyele Sowore, zaman ya watse. A Yulin 2023, a kotun Legas, DSS da gandirobobi suka ba hammata iska kan wa zai tafi da Godwin Emefiele, bayan alƙali ya riga ya yi umarni. Mu nan Nijar, mai shari'a ne ke da ikon tsawatarwa a zaurensa, amma jandarman da ke ƙofa na ma'aikatar tsaron ƙasa ne, ɗan sanda na ma'aikatar cikin gida. Ranar da gwamnati ce ake ƙara, umarnin wa za su bi?

Masu cewa kotu ba bariki ba ce sun yi gaskiya, ni ma ban ce a ba alƙali runduna ba. Cewa na yi doka ta fayyace abu uku: jami'in da aka tura kotu yana ƙarƙashin umarnin shugabanta muddin yana harabar, kuɗin tsaron ya shiga kasafin ɓangaren shari'a, wanda ya ƙi bin umarni ko ya yi kame a zaure ya fuskanci hukunci da sunansa. In ba haka ba, an ba kura ajiyar nama. Shaidan da ya ga ba a iya kare alƙali ba, ta yaya zai buɗe baki?