Iyayen Tamanrasset, Ku Tashi Kan Zaƙami!

Iyaye maza da mata, limamai, malaman allo, shugabannin 'yan Nijar da Najeriya da Mali mazauna Tamanrasset, daga Gataa el Oued har Tahaggart, ku ba ni aron kunnuwanku. Akwai guba da yaranmu ke samu kyauta, babu dillali babu ko dinari ɗaya. Zaƙami nake nufi, mai farin fure kamar kakaki da 'ya'ya masu ƙaya, wanda ke fitowa a kango da bola da gefen lambu. Yana da ɗan uwa a ƙoramun Ahaggar, wanda Larabawa ke kira bettina, kuma dafinsu iri ɗaya ne.

Wannan ƙasa ta daɗe da sanin aikin ɗan uwan nan. A watan Fabrairu na 1881 aka kashe Kanar Flatters na Faransa a rijiyar Bir el-Garama, yana neman hanyar da jirgin ƙasa zai ratsa Sahara. Ragowar mutanensa suna komawa arewa da yunwa, sai aka ba su dabino da aka cuɗa da bettina. Sojoji ƙarti suka haukace, suna ihu, suna harbi ba kan gado. Abin da ya yi wa ƙato mai bindiga haka, shi ɗan shekara 15 zai jiƙa a shayi don abokai su ce ya cika namiji?

Dafin, wato atirofin da sikofolamin da danginsu, yana busar da jiki. Baki ya bushe, ƙwayar ido ta buɗe, zuciya ta yi ta gudu, fitsari ya ƙi fita, gumi ya tsaya cak. Ku lura da wannan na ƙarshe. A zafin hamada, jikin da ba ya gumi zafinsa hawa yake yi har ya taɓa ƙwaƙwalwa. Yaron zai yi ta sambatu, yana tsintar abin da babu a ƙasa, yana tuɓe tufafi, yana magana da mutanen da babu wanda ke ganinsu, kwana ɗaya ko biyu, wani lokaci fiye. In ya farfaɗo, sau da yawa ba ya tuna komai. Kuma babu wani ma'auni: ƙarfin dafin ya bambanta daga tsiro zuwa tsiro, abin da wani ya sha jiya ya tashi, shi zai kwantar da abokinsa yau.

Inda muke kuskure shi ne nan. Uwa ta ga ɗanta yana fizge-fizge, sai a ce iska ce ta taɓa shi. A ɗaure shi, a rufe ɗaki, a yi hayaƙi, a ɗura masa madara. Wasu kuma kunya ce ke hana su fita, wasu tsoron a tambaye su takardu. Na san wannan tsoro ba na wasa ba ne, kowa ya san labarin waɗanda ake kwashewa zuwa iyakar Assamaka. Amma a nemi maƙwabci mai takarda ya raka yaron. A yi addu'a a cikin mota, a hanyar asibiti.

Ku kira 14, lambar 'yan agajin gaggawa. Kafin su iso, ku kai shi inuwa, ku jiƙa masa jiki da ruwa, kada ku tilasta masa amai, kada a ɗura masa komai, kada a bar shi shi kaɗai kusa da titi ko rijiya. Ku ɗauki ragowar abin da ya sha ku nuna wa likita, ku gaya masa gaskiya.

Limamai, ku faɗi sunan tsiron nan a huɗubar Juma'a. Masu shayi, ku sa ido kan abin da samari ke zubawa a buta. Samari, wanda ya zuba wa abokinsa a ɓoye don a yi dariya, ya sani rai yake wasa da shi, kuma hukuma za ta tambaye shi. Masu lambu da masu kango, ku fito da fartanya wannan makon, ku tumɓuke shi tun bai yi 'ya'ya ba, ku binne shi da zurfi, kada ku ƙona shi, don hayaƙinsa ma guba ne.