Janareto A Lokacin Hunturu: Wurinsa Waje, Ko Sanyi Ya Kai Ina

Daga Disamba zuwa Fabrairu, in hazo ya rufe Kano da Jos da Potiskum, magidanci yakan toshe kowace kafa a gidansa. A rufe tagogi, a cusa tsumma ƙarƙashin ƙofa. A irin wannan dare ne kuma wani zai jawo janareto ya ajiye a zaure ko kicin ko ƙarƙashin matakalar bene, don tsoron ɓarawo. Tsoron yana da dalili, ganin kuɗin da injin ya kai yanzu. Amma wannan dabara tana kashe mutane, wani lokaci gida guda a dare ɗaya.

Hayaƙin da ke fita ta salansar janareto yana ɗauke da iskar kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. In ta shiga huhu sai ta manne wa jini da ƙarfin da ya ninka na iskar oksijin fiye da sau 200, jiki ya rasa abin numfashi. Mai barci ba ya farkawa ya gudu. Wanda ke ido biyu kuma zai ji ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, sai ya ɗauka mura ce ko zazzaɓin cizon sauro, ya sha magani ya koma cikin bargo. Alamar da ya kamata ta tayar da hankali ita ce mutanen gida su kamu da ciwon kai lokaci guda, kuma su ji sauƙi da zarar sun fita tsakar gida.

Ba matsalar talaka kaɗai ba ce. Bayan da tsananin sanyi ya durƙusar da lantarkin jihar Texas ta Amurka a Fabrairun 2021, hukumar lafiyar jihar ta ƙirga mutum 246 da suka rasu, 19 daga cikinsu wannan iska ce ta kashe su. Hukumar CDC ta Amurka tana ba da shawarar a ajiye janareto aƙalla ƙafa 20, wato kusan mita 6, nesa da ƙofa da taga, bakin salansa yana kallon nesa da gida. Buɗe taga ko kunna fanka ba ya wadatarwa.

To ɓarawon fa? Amsarsa tana wurin mai walda. Kejin ƙarfe mai rufin kwano, buɗaɗɗe ta kowane gefe, a dasa shi cikin siminti, a sa sarƙa da kwaɗo. Kuɗinsa bai kai na injin ba. Masu gidajen haya su ya fi kamata su ɗauki wannan nauyi, domin a gidan da iyali biyar ke zaune, hayaƙin mutum ɗaya ta tagar maƙwabci yake shiga. Kuma bai dace a lulluɓe injin da bargo ko leda yana aiki ba, wai don a rage ƙara.

Hunturu yana wahalar da injin ma. Ƙura tana toshe matatar iska, injin ya riƙa ƙona mai ba daidai ba, hayaƙi ya ƙaru, don haka a riƙa wanke ta akai-akai. Kada a zuba fetur injin yana aiki ko yana da zafi, balle a wannan lokaci da komai ya bushe, gobara na tashi da wuri. Kada kuma a haɗa shi da wayoyin gida ba tare da na'urar canja layi ba, domin wuta kan koma kan layi ta kama ma'aikacin da ke kan falwaya.

Akwai 'yar na'ura mai batir da ke ƙara in ta ji wannan iska. Ya kamata dillalan janareto su riƙa sayar da ita tare da injin, limamai da gidajen rediyo kuma su riƙa tunatarwa tun farkon sanyi, har da batun kaskon gawayi a rufaffen ɗaki, wanda iskar iri ɗaya yake fitarwa. In an tarar da wani ya galabaita, a fitar da shi waje nan take, a kashe injin, a garzaya da shi asibiti a sa masa oksijin, ko da ya ce ya warware.